Babi na Biyar: Tsanin Maƙwabci

A ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, bazara lokacin gyaran gida ce. Daga watan Afrilu, idan zafi ya kai maƙura, hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas, kowane magidanci yakan zagaya gidansa yana duban inda damina za ta same shi. Bangon gabas, wanda ruwa da iska suka fi duka, ya zaizaye. Indararo ya toshe. Soron uwargida ya tsage, jinkar rumbu ta ruɓe, dangar bayan gida ta kwanta. Dole a gama duk wannan cikin 'yan makonni, kafin ruwan shuka ya sauka kowa ya nufi gona.

Aikin yana son tsani da diga da shebur da baro da kwanon sarki da gatari da igiya, da duron tara ruwa, da amalanke ko jakin da zai kwaso ƙasa daga kududdufi. Da wuya ka sami gidan talaka da ya mallaki waɗannan duka. Amma in ka ƙirga abin da ke cikin unguwa baki ɗaya, sai ka tarar babu wanda ya yi ƙaranci. Tsani yana gidan kafinta, diga tana wurin mai yasar rijiya, amalanke na mai shanun huɗa ne, baro kuma na wani da ya taɓa yin leburanci a Gusau. Kafin ruwa ya sauka, kowane ɗayansu ya shiga gidaje da dama ya fito.

Wannan yawo da kayan aiki ke yi tsakanin gidaje shi ne ya tsare rufin talaka shekara da shekaru, kuma ta hanyarsa ne sana'ar hannu ke wucewa daga babba zuwa yaro. Babu ofishin da ke kula da shi, babu takardar da ake sa wa hannu. Amana ce kawai ke riƙe da shi, shi ya sa abin da ya taɓa amana yakan taɓa shi nan take.

Ƙa'idojin da kowa ya sani

Yawanci yaro ake aikawa. Zai tsaya a bakin zaure ya yi sallama ya ce, "Baba yac ce a gaishe ka, wai a ara mai tsani." Maigida zai amsa, "Ɗauka, ga shi can bayan rumbu. Ka ce mai in an ƙare a maido, gidan Liman na jira nai." A cikin wannan 'yar magana an ba da kaya, an sa wa'adi, an kuma sanar da mai aro cewa akwai wani a bayansa.

Sauran ƙa'idojin tun ana yara ake jin su. Abin da ka aro shi ɗin za ka mayar, ba makamancinsa ba. Ba a mayar da shebur da busasshen laka a jikinsa, ba a mayar da gatari da dakusasshen baki. Idan ƙota ta karye a hannunka, ka kai wa masassaƙi ya sa wata, sannan ka faɗa wa mai abu da bakinka kafin ya gani da idonsa. Ba ka ara wa wani abin da kai ma aro ka yi. Ba ka neman garmar mutum a safiyar da ruwan shuka ya sauka, domin ka san ranar ita ce abincin iyalinsa na shekara. Kuma ba ka bari sai an aiko karɓa. Wanda aka aika wa yaro sau biyu a kan abu ɗaya, ranar da ya sake nema za a ce masa an riga shi.

Akwai kayan da unguwa ta san na kowa ne ko da mutum ɗaya ya saya. Babban misali shi ne ƙugiyar ciro guga. Gida ɗaya ke da ita, tana rataye a zaure, kuma duk wadda guganta ya faɗa rijiya ta san inda za ta aika. Mai ƙugiya da zai hana ta, da sunan da zai yi a garin ya fi kuɗin ƙugiyar tsada nesa ba kusa ba.

Hausawa ba su ɗauki aro abin alfahari ba. Sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ana sa ran kowane baligi ya mallaki kalmensa da laujensa da gatarinsa, domin waɗannan kullum ake aiki da su. Abin da ake aro shi ne wanda bukatarsa ba ta wuce sau ɗaya ko biyu a shekara ba, wanda sayensa ga kowane gida zai zama ɓarnar kuɗi.

Kayan aiki da mai shi tare suke zuwa

Wanda ya ara maka tsani da safe, da hantsi zai biyo sawu ya ga yadda aiki ke tafiya. Zai tsuguna ya damƙi ƙasar da aka kwaɓa ya murza, ya ce, "Ɗana, wagga ƙasa ba ta nuna ba. A ƙara mata ciyawa, a bar ta ta ƙara kwana biyu." Ba a biya shi ko kwabo ba, amma ya ceci bangon daga tsagewa, kuma yaran da ke cuɗa ƙasar da ƙafa sun ji abin da ya ce.

Ginin ƙasa ilimi ne mai zurfi, kuma yawancinsa ta haka ake ɗaukarsa. Akwai sanin ƙasar da ta dace da tubali da wadda ta dace da yaɓe. Akwai sanin cewa bango yakan fara da kauri daga ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa, kuma ba a ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya sha iska. Azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son ta domin gara ba ta cinta da sauƙi, kuma ba ta jure tazara mai faɗi, shi ya sa magini ke jera ta daga kusurwa yana rage faɗin ɗaki kafin ya rufe tsakiya. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa yaɓe ya ƙi shan ruwa. Manyan ayyuka kamar ɗaurin guga na gwanaye ne, waɗanda suka gaji sana'ar a ƙarƙashin Sarkin Magina. Amma yaɓe da toshe tsaga da gyaran indararo, kowane namiji da ya tashi a ƙauye ya iya, domin tun yana ɗan shekara goma yake miƙa curin ƙasa ga wanda ke kan bango.

Jinka kuwa a ƙasa ake haɗa ta. A kafa tsaiko, a yanta shuci, a baibaye, sannan a kira maza su kewaye ta su ɗaga lokaci ɗaya su aza a kan ɗaki ko rumbu. Daga nan aka samo karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gida ba ya biyan lada. Abin da ke kansa shi ne fura ko kunu da goro, da kuma bashin da ya fi waɗannan nauyi: ranar da aka kira ɗaukar jinkar wani, a gan shi.

Wannan shi ne aikin gayya a cikin gida, ƙanen gayyar gona da ake yi da kiɗa. Yankin nan ya san kiɗan noma sosai. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Shinkafi, da kiɗan noma ya fara kafin ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa. Ganga da kirari su ke sa saurayi ya ƙi yarda a bar shi a baya a kunya, kuma su ke mayar da wahala abin da ake marmarin zuwa.

Ta cikin gida

Aron mata ya fi na maza yawa, domin kullum ake yinsa. Turmi da taɓarya, rariya, tanda, madambaci, dutsen niƙa, babbar tukunyar da ba a saukewa sai ranar suna ko biki, duk suna ƙetare katanga a kan yara mata. Mace takan ɗiga wa kwanukanta fenti a gindi domin ta gane su idan an watse daga biki. Mai kunya kuma ba ta mayar da tanda haka nan, sai ta ɗora 'yar masa a kai.

Babban aikin gayyar mata shi ne daɓe. Idan za a kawo amarya, ko an gama sabon ɗaki, sai a gayyato matan unguwa kowace da madaɓinta. A baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, su jeru suna duka tare suna waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi santsi, a bi ta da ruwan makuba. A wurin nan yarinya ke koyon aikin, a nan kuma baƙuwar da aka auro daga wani gari ke fara sanin matan da za ta zauna da su. Siminti ya kusa kashe daɓe a cikin manyan garuruwa, kuma inda daɓen ya tafi, ya tafi da wannan haɗuwa.

Abin da aka karanta a zaure

Mutanen wannan yanki ba su ɗauki aro al'ada kawai ba. Ƙasa ce ta malamai tun zamanin jihadi, lokacin da Namoda, jarumin Alibawa wanda Kaura ke ɗauke da sunansa, ya yi yaƙi a ɓangaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yaron da ke makarantar allo yakan haddace Suratul Ma'un tun cikin surorinsa na farko, surar da ta yi kashedi ga masu hana ƙananan kayan amfani. An ruwaito daga sahabi Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna lissafa aron guga da tukunya a cikin waɗannan kaya.

Akwai kuma hadisin Abu Huraira da ya yi hani ga mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itacen rufi a bangonsa. Duk wanda ya zauna a tsohuwar unguwa, inda ɗakin wannan ke jingine da katangar wancan, ya san amfanin wannan hukunci. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya kawo mas'alar a matsayin abin da ya kamata maƙwabci ya yi, ba wanda alƙali zai tilasta masa ba.

Fiƙihun Malikiyya ya kare mai kaya shi ma. Abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko ƙaramin kayan aiki, idan mai aro ya ce ya ɓata, zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba ya biya sai in ya wuce iyakar abin da aka ba shi izini. Wato an kwaɗaitar da mai abu ya bayar, an kuma ɗaure mai karɓa ya mayar. Da ɗaya ya saki, ɗayan ba zai daɗe ba.

Jirgin ƙasa, kwano da siminti

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Kaura Namoda, ya tsaya a nan. Jirgi yana kwasar gyaɗa da auduga, yana sauke kwanon rufi da ƙusa da zarto da kayan kanti. Maƙera suka daina dogaro da tama, suka koma ƙera kalme da gatari da tsofaffin ƙarafa. Kayan aiki suka yi araha suka yawaita, kasuwanni irin ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis suka riƙa kai su har ƙauyukan bakin iyakar Nijar.

Kuɗi kuma ya shiga tsakani. Ƙwadago ya fara cin gurbin gayya, domin mai hali ya fi son ya biya lada a gama masa yau a kan ya ɗauki bashin zuwa aikin kowa. Ita ma gayyar ta taɓa ɓata sunanta. A zamanin En'e ana tara talakawa su yi noman gandun sarakuna da gyaran hanya ba da son ransu ba, kuma wannan na cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi ta yaƙa. Mutane sun san bambancin aikin da za a rama maka da wanda aka ɗora maka.

Da kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, aka kuma ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996 gine-ginen bulo suka yawaita, sai gyaran gida ya fara fita daga hannun mai gida. Ginin bulo na birkila ne, rufin kwano na kafinta, ƙofar ƙarfe ta mai walda, kuma kowannensu da kayan aikinsa yake cin abinci, ba zai ba da aronsu ba. Sababbin injuna ma haya ake ba da su. Mai injin ban ruwa a fadamar Gagare ko ta Bunsuru yana lissafin mai da gyara, don haka ko ɗan'uwansa ya nema sai an yi maganar kuɗi. Babu laifi a cikin wannan. Amma gidan da ba shi da kuɗi har yanzu na ƙasa ne, kuma har yanzu maƙwabta ne ke tsayar da shi. Da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa sun sake duban tubali da idon daraja, suka kuma tarar waɗanda suka iya shi sun tsufa.

Shekarun tsoro

Babu abin da ya girgiza wannan zama kamar ta'addancin 'yan bindiga da ya addabi Zamfara fiye da shekara goma, wanda Zurmi da Shinkafi na cikin inda ya fi tsanani. An kore shanun huɗa, amalanke ya zama ba mai ja. Dajin da ake yanko shuci da gamba da itacen rufi ya zama wurin da ake shiga da fargaba. Tsohuwar musaya tsakanin manomi da makiyayi, wannan ya ba da kara da harawa wancan ya bar masa taki, ta lalace da zargi. A wasu ƙauyuka ma 'yan bindigar sun tilasta wa mutane noma musu gonaki. Samari da yawa sun tafi ci-rani ko haƙar zinariya, aka rasa masu hawa bango.

A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a jihar, ta kuma dakatar da kasuwannin mako. Makonni masu yawa wanda gatarinsa ya karye ba shi da kasuwar da zai sayi wani, ba shi da wayar da zai kira wani gari. Abin da ya rage masa shi ne ƙofar maƙwabci, kamar yadda kakanninsa suka rayu.

Waɗanda suka fi jin rashin maƙwabcin aro su ne 'yan gudun hijira da suka cika Kaura da Shinkafi da Zurmi, suna zaune a kangaye da gidajen dangi. Mutumin da ya gudo da dare bai ɗauko kalme ba, bai ɗauko gatari ba. A ƙauyensu ya san ƙofar da zai buga. A nan kuwa ba a san shi ba, kuma zamani ne da ake tsoron baƙo. Alhali cikinsu akwai magina da maƙera da masu saƙar zana da masu yasar rijiya, mutanen da suka fi 'yan birni sanin aikin ƙasa. Ana kawo musu hatsi da tabarmi, kuma suna bukata. Amma wanda aka ara wa diga da shebur zai iya fita ya nemo na cefane da kansa.

Abin da unguwa za ta iya

A wasu ƙasashe sai da aka kafa wa wannan abu hukuma. A birnin Berkeley na Amurka, tun 1979 ɗakin karatu na gari yake ba da aron guduma da zarto da tsani kamar yadda yake ba da aron littafi. Mu ba mu bukatar kwaikwayon kowa, domin muna da tushen abin a hannu. Kusan kowace unguwa tana da makara da diga da shebur na haƙar kabari, ajiye a masallaci ko a maƙabarta. Na jama'a ne, an san mai kula da su, kuma ba a jin sun ɓata, saboda kowa ya san ranar da zai bukace su.

Abin da aka iya yi wa mamaci ana iya yi wa mai rai. Ɗaki ɗaya a jikin masallaci ko zauren mai unguwa ya isa a ajiye tsani biyu, da baro, da diga, da injin feshi, da duro. Malikiyya sun halatta waƙafin kayan da ake ɗauka, don haka mai hali zai iya sayen su ya tsayar domin Allah, kuma jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da za ta iya ƙarfafa irin wannan. A sami amintacce ɗaya da littafi ɗaya, a rubuta wanda ya ɗauka da ranar mayarwa. Baƙon da ba a sani ba, wanda ya saukar da shi ya tsaya masa. Ta haka mai jin nauyin roƙo zai samu ba tare da ya sunkuyar da kai ba, mai tsoron asara kuma zai bayar da kwanciyar rai.

Sai dai ajiye kaya shi ne ɓangare mai sauƙi. Kaura Namoda tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, kuma a unguwanni akwai matasan da suka iya haɗa sola da gyaran famfo da jan wayar lantarki. A unguwannin nan dai akwai tsofaffin da suka san ƙasar da ba ta tsagewa da yadda ake jera azara. Kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa, kuma ba za su koya wa juna ba sai aiki ya haɗa su a gida ɗaya. Saboda haka duk magidancin da zai yi gyara a bazara mai zuwa, ya gayyaci dattijon da ya iya, ya gayyaci baƙon da ya zo gudun hijira, ya kuma hana 'ya'yansa fita yawo ranar. Kayan aiki in sun ɓata ana sayen wasu ranar kasuwa. Sana'ar da mai ita ya rasu bai koya wa kowa ba, babu kasuwar da ake samunta.